Motar Farfesa a Wurin Fakinmu

Gidan da muka kama haya a Kuala Lumpur ya zo da wurin ajiye mota, mu kuwa ko keke ba mu da shi. Ranar da matar da ta ba mu hayar ta miƙa wa maigidana makullai, sai da ta sauka da mu ƙarƙashin benen ta nuna mana wurin. Ɗan fili ne tsakanin ginshiƙai biyu, an zagaye shi da farin fenti, an rubuta lambar gidanmu a ƙasa, ga ƙofar lif dab da shi. Na dube shi na yi dariya, na ce wa maigidan sai dai mu riƙa shanyar kuɓewa a ciki.

Karatun digirin dakta ne ya kawo maigidana, a jami'ar da ke kan titin Jalan Semarak, ni da 'yarmu muka biyo shi daga Kano. Yarinyar tana da sikila. Wanda bai taɓa renon mai sikila ba ba zai san yadda uwa take kwana da kunne ɗaya a buɗe ba. Yanzu tana wasa tana dariya, anjima kaɗan ta riƙe ƙafa tana kiran sunan Allah, kuma idan ciwon ya tashi babu abin da ya fi muhimmanci kamar a isa asibiti da wuri. Kafin annoba wannan bai dame mu sosai ba, domin kana danna waya mota za ta tsaya maka a ƙofa.

A benen namu akwai wani babban mutum, Bahaushe, wanda kowa yake kira Farfesa. Ya daɗe a ƙasar yana koyarwa, shi ake kai wa duk sabon zuwa ya gaishe shi, shi yake sasanta ma'aurata, ranar Sallah kuma a falonsa ake cin tuwo. Motoci biyu gare shi, tasa da ta Hajiyarsa, wurin fakin kuwa ɗaya gidansa ya zo da shi, kamar na kowa. Ba mu rufa mako biyu ba sai ga shi da kansa ya sauko yi mana barka da zuwa. Maigidana ya rasa inda zai sa kansa don murna, wai Farfesa ne a falonmu. Aka sha shayi, aka yi hirar gida, aka zagi gwamnati. Har ya miƙe ya sa takalmi, sai ya juyo kamar abin yanzu ya faɗo masa, ya tambaya ko wurin nan namu na ƙasa akwai wanda yake amfani da shi.

Maigidana ya ce, "Haba, ranka ya daɗe. Ai mu da abin da muka mallaka duk naku ne."

Shi ke nan fa, an gama ciniki. Sai dai benen ba ƙofar gida ba ce ta Kano, inda maƙwabci zai jingina motarsa a jikin katangarka a wuce wurin. Kowace mota sai da sitika a gilashi da katin da ke ɗaga sandar ƙofa, kuma gida ɗaya sitika ɗaya ake ba shi. Saboda haka maigidana ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin masu kula da benen, ya ce musu motar Hajiya ita ce motar gidanmu. Suka manna mata lambarmu a goshi. Ni ma a lokacin ban ga aibun abin ba. Fili ne yana zaune a banza, mutumin kirki ya nema, an ba shi.

Ana dab da rufe ƙasa saboda annobar, Farfesa ya kwashi iyalinsa suka tafi gida bikin 'yarsa, da niyyar su yi 'yan makonni su dawo. Ya bar wa maigidana makullan motocin biyu, ya ce a riƙa tayar da su lokaci-lokaci don kada batir ya kwanta. Suna can ana shan biki aka sa dokar kulle, aka hana baƙi shigowa, Farfesa ya maƙale a Kano. Motar Hajiya kuwa tana nan a wurinmu, an lulluɓe ta da tamfol mai ruwan toka.

Annobar ta sauya mana lissafi gaba ɗaya. Likitar yarinyar ta gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa irin su ba a so cutar ta kama su, mu nisanta ta da jirgin ƙasa da bas da duk inda ake cunkuso. Motocin haya suka yi ƙaranci, ka kira ka yi ta jira, wani ya karɓa, da ya ga asibiti za ka sai ya soke. Ga ranakun ganin likita ba sa jira. Ana haka wani ɗalibi da ya gama karatu ya samu gurbi a jirgin da ke kwashe 'yan ƙasarmu zuwa gida, ya sayar mana da tsohuwar motarsa da araha. Ƙarama ce, ƙofar baya ɗaya sai an daka mata kafaɗa take rufuwa, amma ranar da maigidana ya tuƙo ta har sujada na yi.

Murnar ba ta wuce bakin ƙofa ba. Sandar ta ƙi ɗagawa. Mai gadi ya leƙo da takunkumi a fuska, ya dubi gilashin, ya girgiza kai.

"No sticker, cannot lah, boss."

Maigidana ya yi masa bayanin a nan muke zaune, ai ya san mu. Mai gadin ya ce ya san mu sarai, amma a wurinsa gidanmu yana da mota, tana ciki ma a lulluɓe. Wannan baƙuwa ce, baƙi kuma kwamitin masu gidajen benen ya hana su shiga har sai annoba ta lafa. Haka muka juya da motarmu ta kanmu daga ƙofar gidan da muke biya wa haya.

Inda muka samar mata wuri can ne ƙasan gangare, bayan kedai mamak, shagon abincin da muke sayen gurasarsu ta roti, a gefen wata babbar kwata. Mai lafiya ba zai kira shi nisa ba. Amma duk ranar asibiti sai an sauko da yarinya a lif, a wuce ta gaban motar Hajiya, a fita ƙofa, a gangara cikin rana ko cikin ruwa, ita kuwa sanyin ruwa da zafin rana duk ba ƙawayenta ba ne. Idan ƙafar tana mata ciwo goya ta nake yi, yarinyar da ƙafafunta suke dukan gwiwoyina.

Na ce wa maigidana ya kira Farfesa ya gaya masa mun yi mota. Ya ce ai ya gaya masa, har ya sa albarka ya ce Allah ya tsare. Na ce to wurin fa. Ya dube ni kamar na ce ya je ya mari babansa. Ya ce yanzu mutum yana can annoba ta raba shi da aikinsa da dukiyarsa, sai a kira shi a ce ya zo ya kwashe kayansa? Da wane bakin? Kuma abin da aka riga aka ba babba ba a zuwa a ce a dawo da shi. Na ce aro muka ba shi. Ya ce ko aron ne, shi ya kamata ya tuna ya mayar, ba mu za mu tuna masa ba. Na ce idan bai tuna ba fa. Ya ce zai tuna.

Farfesa bai tuna ba. Mutumin da ya haddace sunan kakan kowane ɗalibi a garin, wannan guda ɗaya ce ta kwanta masa. Samun wuri, kuturu da gaɗa cikin rama.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hidimar da ake yi wa motar. Duk ƙarshen mako maigidana zai ɗauki bokiti da tsumma ya sauka. Ya yaye tamfol a hankali, ya naɗe shi, ya tayar da injin, ya zauna a ciki yana sauraronsa kamar likita, ya goge gilashi, ya duba iskar taya, ya mayar da lulluɓin ya soke gefe da gefe. Daga nan ya ɗauki hoto ya tura Kano. Farfesa ya amsa da addu'a mai tsawo, maigidana ya hawo yana karanta mini fuskarsa a washe. Tamu motar tana can gefen kwata tsuntsaye suna kashi a kanta, ko sau ɗaya ban ga an kai mata bokiti ba.

Na kai kuka wurin matanmu da ke garin, a zauren da muke hira ta waya. Yawancinsu matan ɗalibai ne irina, kowa tana kulle a nata benen tana koyon yin alkaki. Suka taru a kaina da haƙuri. Wannan ta ce Farfesa ne fa, wannan ta ce alheri danƙo ne, wata ta ce in yi hattara kada a ce matar wane ce ta raba mijinta da manya. Ɗaya ce kawai ta kira ni a gefe tana dariya, ta ce ita ma rabin firjinta naman Hajiya ne tun kafin tafiyarsu, ba ta isa ta ci ba, ba ta isa ta zubar ba. Ashe ba mu kaɗai aka bar wa gadi ba.

A nan ne na yanke shawarar cewa jahilcin doka ne yake damun mijina. Na ce mutumin nan kansa yana cikin littafi, ya ɗauka fakin ɗin nan kamar zani ne da za ka ba wa mutum ya zama nasa. Idan na binciko masa yadda dokar take, na ajiye masa a gabansa, zai samu abin da zai fake da shi, ya ce wa Farfesa ba ni ba ne, hukuma ce. Da wannan tunanin na sa takunkumi na sauka ofis.

Ma'aikaciyar ofishin, wata 'yar Malay da kowa ke ce wa Kak, ta yi mini bayani ta bayan gilashi, ni da guntun Turancina ita da nata. Matar da ta ba mu haya ta ƙara mini ta waya. Abin da na fahimta shi ne wurin fakin ɗin nan jelar gidan ce. A takardar mallaka tare aka rubuta su, ko mai gidan ba ta da ikon ta sayar da shi daban ko ta kyautar da shi daban, balle ɗan haya. Wanda yake zaune a gidan shi ke da wurin. Idan yana so a sauya motar da ke kai, zuwa zai yi ya ce a soke waccan a sa wannan, a ranar za a ba shi sabuwar sitika. Na ce to ga ni na zo, a soke. Kak ta duba na'urarta ta ce ba sunana ne a yarjejeniyar haya ba.

"Your husband come, say one word only. Boleh."

Kalma ɗaya mijina zai zo ya faɗa, in ji ta, shi ke nan an yi. Na tambaye ta ita kuma waccan motar ina za ta. Ta ce akwai wasu wurare na kowa da kowa da kwamiti yake bayarwa haya ga masu mota ta biyu, amma ƙuri'a ake jefawa a babban taron shekara. Ta ƙara da cewa tun da daɗewa ta sha gaya wa Farfesa ya sa sunansa, yana cewa ba ya bukata. Yo ina zai bukata, ga bayin Allah sun ba shi kyauta har da wanki.

Kwamitin nan sai da na ga idonsu, domin an yi wani zama ta waya da aka ce 'yan haya ma za su iya saurare, ba dai su yi magana ba. Masu gidaje ne suka zaɓi junansu, yawanci tsofaffin ma'aikata da ritaya ta bar su da ƙarfi ba wurin kai shi. Shugabansu gabaɗayan zaman goshinsa kawai muke gani da fankar silin. Suka share wuni suna gardama a kan ko za a iya jefa ƙuri'ar fakin ba tare da an taru ba. Wani ya ce ƙa'ida ta ce a babban taro, wani ya ce an hana taro, wani ya ce to a kira wannan zaman babban taro, aka ce ba a ba da sanarwa da wuri ba. Wata ta kawo ƙarar maƙwabcinta da tayarsa take taka farin layi. Daga ƙarshe suka amince da abu biyu: a ɗage ƙuri'a sai yadda hali ya yi, a kuma sayo ƙarin mari, wato ƙarfen nan rawaya da suke garƙame tayar motar da ta karya doka. Wuraren hayar suna nan a jere babu kowa a ciki, na baƙi ma haka, kyanwoyi suna barci a kai. An tsare su da kyau kada wani mabuƙaci ya amfana ba bisa ƙa'ida ba.

Duk da haka na hawo gida da ƙarfina, don ni dai na samo abin da na je nema. Na zaunar da maigidana bayan la'asar na zayyana masa komai, jelar gida, sitika, kalma ɗaya. Ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai. Ya ce lallai na yi ƙoƙari. Sannan ya ce idan aka soke sitikar Hajiya, gobe za su sa wa motar mari, a ce amanar da aka bar masa ce aka wulaƙanta a hannunsa. A ƙara haƙuri, an kusa buɗe ƙasa. Na ce a raina har yanzu bai gane ba, sai na sake masa bayani wani lokacin.

Da aka ɗan sassauta kullen, kwamiti ya yarda baƙi su shiga da rana na ɗan lokaci, amma motar da ta kwana a wurin baƙi mari ne hukuncinta. Wata ranar yarinyar ta yini ba ta da kuzari, idonta ya ɗan yi rawaya, tana cewa bayanta. Na san alamar. Maigidana ma ya sani, don haka ya je ya shigo da motarmu a matsayin baƙuwa, ya ajiye ta kusa, wai ko da za a buƙata. Dabarar da ya iya ke nan, ya saci hanya ya shigo gidansa. Daren ya wuce lafiya, da safe ta ɗan sha koko, muka saki jiki, shi kuma ya shiga darasinsa ta waya ya manta da mota.

Bayan azahar ciwon ya taso gaba ɗaya. Ta ƙanƙame jikinta tana ihu, ƙirjinta yana sama yana ƙasa, jikin ya yi zafi. A daidai lokacin hadarin nan na Kuala Lumpur ya kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na saɓe ta a kafaɗa muka sauka. Muna isa wurin baƙi muka tarar da ƙarfen rawaya a tayar gaba.

Mai gadi ya rugo, ya ga halin da yarinyar take ciki, hankalinsa ya tashi, amma makullin marin ba ya hannunsa. Yana wurin shugaban masu gadin, shi kuma an killace shi a gida saboda wani nasa ya kamu. Ofis a rufe, Kak daga gida take aiki ranar. Na danna wayar neman mota, babu ko ɗaya a kusa. Motar asibiti kuwa a kwanakin nan kowa ya san layin da ke gabanta. Ga mu tsaye a ƙarƙashin bene cike da motoci. Guda ɗaya ce a cikinsu take ɗauke da lambar gidanmu, batirinta garau, tayoyinta cike da iska, makullinta yana rataye a ƙusa a bayan ƙofar falonmu.

Na ce wa maigidana, "Malam, ɗauko makullin Hajiya."

Ya hau da gudu ya ɗauko, ban rage masa wannan ba. Amma da ya sauko, maimakon ya nufi motar sai ya tsaya ya ciro waya. Wai bari ya sanar da Farfesa tukuna, ba a hawa motar mutum ba da izininsa ba. A Kano lokacin safiya ce, Farfesa yana barcin bayan asuba. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Ya ce bari ya gwada layin Hajiya. Yarinyar tana kafaɗata, azaba ta sa ta kafa haƙoranta a jikina ta cikin hijabi, ina jin su suna shiga, shi kuma yana tsaye da waya a kunne, har ya ɗan rusuna tun kafin a ɗauka.

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na fizge makullin daga hannunsa, na je na kama tamfol ɗin da hannu ɗaya na finciko shi, ya faɗa cikin ruwan da ke kwarara a ƙasa, na bi ta kansa. Na buɗe baya na kwantar da yarinyar. Sannan na buɗe ƙofar direba na tsaya.

"Ko ka tuƙa ko in tuƙa."

Ban taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwata, ya kuma san haka. Ya shiga ya tuƙa. Sandar ƙofa ta ɗaga mana tun kafin mu ƙarasa, ai motar gida ce. 'Yan sandan da ke shingen hanya suka leƙa suka ga yarinyar suka ce mu wuce. A hanya ta yi amai a kujerar Hajiya, ni kuwa ko a jikina.

Mutum ɗaya ake bari ya zauna da mara lafiya, don haka ni na shiga da ita, shi ya koma. Aka sa mata ruwa da iskar numfashi, aka ƙara mata jini, muka yi kwanaki. Likitar ta ce mun yi sa'a da ba mu ƙara jinkiri ba, tun da ciwon ya fara taɓa ƙirji. Ban gaya mata inda jinkirin da muka riga muka yi ya tafi ba. Ina zaune a gefen gadon ina ta saƙa yadda zan tarar da gida. Na tabbata wannan karon magana ta ƙare, duk mai ido ya ga abin da ya faru.

Ranar da aka sallame mu, a tamu motar ya zo ɗaukarmu, ya biya tara an cire mata mari. Ya sauke mu a bakin ƙofa, ya ce mu shiga, bari ya kai ta gefen kwata. Na riƙo hannun yarinyar muka bi ta ƙarƙashin bene zuwa lif. Motar Hajiya tana wurinta. An wanke kujera, an wanke tamfol, an lulluɓe ta an soke gefe da gefe. Da ya hawo ya ba ni labarin ya kira Farfesa ya ba shi haƙuri, Farfesa kuma ya nuna dattako ƙwarai, ya ce ba komai, ai yarinyar tasu ce. Sai dai ya ce a mayar da kujerar direba yadda take, Hajiya ba ta son a taɓa mata ita. Maigidana yana faɗa yana jinjina kirkin mutumin. Ranar na ji na raina shi, raini irin wanda ban taɓa zaton zan yi wa uban 'yata ba, na kuma ji tsoron abin da na ji.

Muka ci gaba da gangara kwata har aka fara buɗe ƙasa. Sai labari ya zo cewa Farfesa ba zai dawo ba, ya samu babban muƙami a gida. Aka turo wanda ya kwashe kayan gidansa, aka sayar da babbar motar. Ta Hajiya kuma wani ɗalibi ya saya, irin 'ya'yan masu hali da ake turowa kwalejojin kuɗi, yana zaune da abokansa a wani benen kusa da mu. Wata ranar da hantsi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, da gajeren wando da sarƙa a wuya, ya gaida maigidana da ladabi daidai gwargwado. Ina kicin ina jin su. Ya karɓi makulli, sannan ya ce zai bar motar a inda take, don a benensu babu wuri.

"Prof ya ce parking ɗin ma included ne, sir. Ya ce ku ba kwa using."

Na ajiye wuƙar da ke hannuna, ina jiran in ji an ce ai mu da abin da muka mallaka duk naku ne. Sai na ji wata murya da ban san maigidana yana da ita ba. Ya ce wa yaron wurin fakin nan a takardar mallakar gidan yake, ba a sayar da shi daban, ba a kyautar da shi daban, ko mai gidan ba ta isa ba balle wanda ba ya cikin yarjejeniya. Ya ce gida ɗaya sitika ɗaya, kuma ta mazaunin gidan ce. Ya ce wanda ba a benen yake zaune ba ko ƙuri'ar wuraren haya ba ya shiga. Ya kawo masa sashe da lamba, da Turanci da Hausa, har da abubuwan da ni ban samo ba a duk yawon da na yi. Ya ce yau ɗin nan zai sauka ofis a soke sitikar, idan motar ta kwana mari za ta sha. Yaron ya yi ta ba da haƙuri, kafin la'asar ya zo ya janye ta.

Maigidana ya shigo kicin yana huci, fuskarsa cike da jin daɗi, ya ce na ga yadda ya yi masa, yaran nan idan ba a taka musu birki ba sai su hau kan mutum. Na tambaye shi yaushe ya san duk wannan. Ya ce ai tun ranar da ya je yi wa motar Hajiya rajista suka ba shi ɗan littafin ƙa'idojin, suka yi masa bayani, ya karance shi tas. Ya faɗa ne hankali kwance, yana ɗaga murfin tukunya ya ga me na dafa.

Na ce, "Ashe bakin yana nan, Malam."

Ya yi dariya, ya ɗauka yabo ne. Ya sauka ofis ya faɗi kalmarsa ɗaya, Kak ta miƙo masa sitika. Da yamma motarmu ta shigo ta tsaya tsakanin ginshiƙan nan biyu, da kashin tsuntsayenta da ƙofarta mai son kafaɗa. Ranar asibiti ta gaba yarinyar ta fito daga lif ta taka da ƙafarta ta shiga mota, ko numfashinta bai sauya ba. Na zauna kusa da ita a baya na juya fuskata wajen taga, don kada ta ga ina hawaye ta ɗauka wani abu ne ya same ta.

Mun dawo gida da daɗewa, yarinyar ta girma, maigidana ya zama Dakta, yanzu shi ma ɗalibai suna rusuna masa. Shatin haƙoran nan bai ɓace daga kafaɗata ba. Ya taɓa tambayata ko ƙuna ce, na ce masa a'a, na Malesiya ne, bai ƙara tambaya ba.